Benci a Kan Kabarin Amabel

Ranar Lahadin da ta biyo bayan Idin Mika'ilu, a shekara ta 1468, aka sanar cewa za a sa bencuna a cocinmu na Harnstead. Lambert mai ulu ne ya yi sanarwar, yana tsaye a bakin shingen katakon da ya raba jama'a da bagade, wato teburin hadaya, ya dafe tumbinsa kamar shi ma gudummawa ce ya kawo wa Allah. Mutane suka yi ta murna. Ni kuwa na ɗaga ido ta saman kawunan maza, na dubi ɓangaren mata, wajen ginshiƙin da ke kusa da ƙofar arewa, inda matata Amabel take kwance a ƙarƙashin daɓe.

Tun da aka aza harsashin cocin nan a tsaye ake sujada a cikinsa. Maza a kudu, mata a arewa, hanya a tsakiya, ƙasa kuma a shimfiɗe da ciyawar rafi da ake canzawa idan warinta ya rinjayi turare. Kakanninmu sun tsaya, sun durƙusa, sun mutu, ba wanda ya ce mazaunansa na bukatar wata kulawa ta musamman. Amma Lambert ya je cinikin ulu wani gari, ya ga mutanen can suna sauraron wa'azi a zaune kamar alƙalai, ya dawo da ciwon hassada. Da yake shi ne wakilin coci na wannan shekara, ciwon nasa ya zama na gari duka.

Ni ba gaba nake yi da katako ba. Abin da na sani shi ne ba a kafa benci a kan dutse kai tsaye. Sai an fara shimfiɗa dandamalin katako saboda sanyi da laima, sannan a kafa bencunan a kai. Duk abin da ke ƙarƙashi ya rufu ke nan har tashin ƙiyama.

Da Amabel ta rasu, na rabu da littattafan da na fi so, waɗanda na taho da su tun ina ɗalibi a Cambridge, don a binne ta a cikin coci maimakon waje, daidai inda take tsayawa, kamar yadda ta roƙa. Na sa aka sassaƙa rubutu a kan dutsen da Latin, ni na tsara kalmomin: a nan Amabel matar Hamon take kwance, ku yi wa ranta addu'a. Ba don ado na yi ba. Kowa ya san rai ba ya shiga aljanna da dauɗarsa. Akwai wutar da ke wanke shi tukuna, kuma addu'ar masu rai ce ke rage masa zama a cikinta. Shi ya sa ake son kabari a inda ƙafafu ke bi, ido ke sauka. Wanda aka rufe an manta da shi, wanda aka manta da shi kuma zai daɗe yana ƙuna. Amabel ba muguwa ba ce, amma tana da baki, kuma a ƙiyasina za ta bukaci taimako.

Bayan sujada na tare Lambert a zauren ƙofar coci, inda ake ƙulla aure da ciniki da sauran abubuwan da mutum ke yin da-na-sani a kansu.

"Malam Hamon," ya ce, "ka ji albishir? Kai ma gwiwoyinka za su huta."

"Gwiwoyina ba su kai maka ƙara ba. Ina za ka kai matata?"

"Matarka? Allah ya jiƙanta. Ai tana inda take."

"A ƙarƙashin mazaunan matan gari."

"Haba Malam. Tun yaushe take ƙarƙashin ƙafafunsu ba ka ce komai ba?"

"Mai tsayuwa yakan dubi ƙasa. Wancan ɓangaren jikin kuwa, iyakar karatuna, ba ya gani."

Ya yi dariya, don Lambert mutum ne da ba a iya zaginsa; duk abin da ka jefa masa sai ya ɗauka kyauta ce. Ya ce to a cire dutsen a mayar da shi hanyar tsakiya, inda kowa zai taka.

"Dutsen ya ce a nan take kwance, alhali tana can? Kai ka saba sa tambarin ulu mai kyau a buhun da ba shi ne a ciki ba. Ni ban fara yin ƙarya da Latin ba tukuna."

"To a tono ta, su tafi tare."

"Ka taɓa gwada matsar da Amabel daga inda ta ce za ta tsaya?"

"Sau ɗaya," ya ce, ya shafa ƙeyarsa. "A bikin giyar coci. Na dawo layi karo na biyu da wani ƙoƙo daban, ta gane ni. Har yau idan hadari ya haɗo wurin yana min zogi."

Amabel ce ke dafa giyar bikin da ake yi kowace bazara don gyaran gini, ita ce kuma ke rabawa da wani ludayin katako mai tsawon hannu. Da wuya ka sami namiji a Harnstead da ludayin bai taɓa gaisawa da kansa ba. Na ce wa Lambert wannan ba abin dariya ba ne. Ya ce ya sani, amma an riga an sare itatuwa, kafinta kuma yana hanya.

Na je wurin Fada Piers. Na same shi a bayan shinge, yana matsar da wani bokiti da ƙafa zuwa inda rufin ke yoyo, kusa da bagade. Ya saurare ni da fuskar mutumin da ke ƙirga saura nawa a gama.

"Malam," ya ce, "ka fi ni sanin doka. Daga shingen nan zuwa gabas nawa ne, ni ke kula da shi. Daga shinge zuwa ƙofar yamma na jama'a ne. Su suka gina, su ke rufawa, in sun ga dama su zuba tumaki a ciki."

"Ai sun zuba, Fada. Kowace Lahadi kana yi musu wa'azi."

"Zan sa ta a addu'a."

"Ka sa rufin nan ma, ko zai ji."

Saura hanya ɗaya. Wakilin bishop yakan zagayo kafin Kirsimeti, ya duba littattafan bagade da murfin daron baftisma, ya tambayi jama'a ko akwai mai ƙorafi. Na san irinsu. Idan mutum ya miƙe ya yi musu magana da Latin mai tsabta, ya jero musu sunayen malaman da su kansu ba su karanta ba, za su dakatar da kowane aiki, ko don su rabu da shi. Aikin da aka dakatar a coci kuwa yakan tsufa a dakace. Na zauna na tsara jawabi. Ba yabon kai ba, jawabi ne da zai sa ginshiƙi ya ji kunya. Ina maimaita shi ina yanka albasa, ina maimaita shi ina ba kaji tsaba, har kajin suka fara guduna.

Kafin wakilin ya iso, na ga ya kamata gari ya san ba wasa nake ba. Wata Lahadi na shigo ta ƙofar kudu kamar kullum, na tsoma yatsa a ruwa mai tsarki, sannan na tsallaka hanyar tsakiya, abin da babu namijin da ya taɓa yi ana sujada in ba mai ɗauke da gawa ba. Na share ciyawa da ƙafa, na tsaya a kan dutsen Amabel.

Mata suka dare kamar an jefa dutse a tafki, sannan suka dawo suka rufe ni.

"Yau kuma mijin yaya ya zama mace?" in ji wata murya a gefena. Sibil ce, ƙanwar Amabel, wadda tun ranar aurenmu ba ta taɓa barin magana ta wuce ta ba. "Ina ɗankwalinka? Ba a shigo mana nan da sanƙo a buɗe."

"Na zo gadin matata."

"Daga wa? Mu ne dai muke nan tun kafin ka san tana duniya. Matsa, ka taka min riga."

Matar maƙeri ta ce a bar shi, wataƙila mata yake nema, ya zo duba kaya kusa. Wata ta ce in haka ne ya makara, masu haƙora duk an kwashe. Suka yi ta ƙunshe dariya a cikin mayafi. Na ɗaga kai na kafa ido a gaba, kamar waliyyan da aka zana a jikin shinge.

Sai na lura da wani abu. Na daɗe ina zaton Amabel ta zaɓi wurin nan ne don yana fuskantar hoton Waliyyiya Margaret, kuma na sha faɗa wa mutane haka. Daga kan dutsen, ba a ganin Margaret ko kaɗan. Ba a ganin Fada ma. Ginshiƙin ya tare komai, sai saman bakan gini, inda aka zana ranar hisabi, shaiɗanu suna tura mutane cikin bakin wani ƙaton kifi.

"Me take kallo daga nan?" na tambayi Sibil a hankali.

"Kallo? Jingina take yi. Ginshiƙin nan ne kaɗai ke tare iskar ƙofar arewa, kuma Fada ba ya ganin bakin mutum yana motsi. Sai da ta yi faɗa da mata uku kafin ta same shi."

Mutum ba ya son a gyara masa matarsa bayan ta mutu.

Aka kaɗa ƙaramar ƙararrawa, alamar Fada zai ɗaga gurasa mai tsarki. Kowa ya zube a gwiwa, ana leƙe ta ramukan shinge don a gani. Sibil ta dafa ginshiƙi, ta fara sauka kaɗan-kaɗan, tana fitar da numfashi ta haƙora. Kafin gwiwarta ta taɓa ƙasa an riga an sauke gurasar. Da jama'a suka miƙe, ita ba ta miƙe ba. Matar maƙeri ta kama ta ta hammata ɗaya, ta dube ni.

"Tunda ka zo, Malam, sai ka yi aikin mata."

Na kama ɗaya hammatar. Sibil da na sani mace ce da ke ɗaukar buhun sha'ir a kafaɗa tana zagin wanda ya ce zai taimaka mata. Wadda na ɗaga ba ta da nauyi a sama, duk nauyin ya gangara ƙafafu. Idon sawunta ya kumbura har ya shanye bakin takalmi. Ba ta gode min ba, ni ma ban sa rai ba.

Da aka tashi, ta lallaba zuwa dakalin dutsen da ke jikin bango, inda guragu da masu tsohon ciki ke zama. Dakali ne mai sanyin kabari. Wanda ya zauna a kai da ciwon ƙugu yakan tashi da ciwon ƙirji. Na tsaya a gabanta.

"An ce kana dafa wa wakilin bishop jawabi," ta ce.

"Ya nuna."

"Wa kake tsammani yake yi wa Yaya addu'a a nan?"

"Duk wanda ya karanta dutsen."

"Wa ya iya karatu a ɓangaren nan? Kai kaɗai ka iya a garin, ban da Fada, kuma kana can tsallake kana harare-harare. Mu dai mun san tana nan. Idan na zo, nakan ce mata, Yaya ga ni, Allah ya sassauta miki. Sauran ma haka."

"Kun sani yanzu. Bayan ku fa? Jikokinku za su zauna a kan katako, ba su san akwai kowa a ƙasa ba. Dutse aƙalla yakan sa yaro ya tambaya."

Ta murza gwiwarta. Na ga maganar ta shige ta, kuma ban ji daɗin hakan ba kamar yadda na zata.

"Wannan gaskiya ne," ta ce. "Amma ni sanyin bana ba zan iya shi a tsaye ba, Hamon. In babu wurin zama, sai dai in riƙa jin ƙararrawa daga gado."

Tun da nake da ita, ranar ce ta fara kiran sunana ba da tsokana ba.

Wakilin bishop ya iso a ƙarshen kaka, da doki mai tari da magatakarda mai mura. Aka tara gari a coci. Ya duba abin da zai duba, ya ɗaga murfin daron baftisma ya mayar, ya zauna a kujerar da aka ɗauko masa daga gidan Lambert, shi kaɗai a zaune a duk ginin. Sannan ya tambaya ko akwai mai magana.

Na fito. Lambert ya sunkuyar da kai. Jimlar farko tana kan harshena, kuma jimla ce mai kyau. Na juya don in nuna dutsen da hannu, kamar yadda na tsara.

Sibil ba ta zo ba. Lahadi biyu ke nan ba ta zo ba, kuma da yake mata sun saba bar mata wurin, ba wadda ta matsa ciki. An share ciyawa saboda baƙo. Dutsen yana nan fili, haske daga tagar sama ya sauka a kai, kowane harafi a fito kamar yau aka sassaƙa. Ban taɓa ganinsa da kyau haka ba. Babu kowa a kansa, babu kowa a gefensa. Abin da nake shirin roƙo ke nan, ga shi an ba ni tun kafin in buɗe baki.

"Muna jinka, Malam," in ji wakilin.

"Ranka ya daɗe," na ce, "rufin da ke kan bagade yana yoyo."

Magatakarda ya rubuta. Fada Piers ya dube ni kamar na sa masa ƙafa ya faɗi, wanda kuwa haka ne. Wakilin ya ba shi wa'adi zuwa Ista. Jawabina ya koma ciki, kuma ya yi kwanaki yana min ƙabar ciki.

A zaure Lambert ya riƙo hannuna da hannayensa biyu, idonsa har da ƙwalla. Na zare hannuna.

"Ban gama ba. Wakilin yana nan har gobe, kuma ban manta Latin ba. Za a fara da ɓangaren mata. Bencin farko shi ne na jikin ginshiƙi, kuma a gama shi kafin Kirsimeti."

"Amma Malam, an shirya a fara da gaba ta kudu."

"Inda za ka zauna. Na sani. Tumbinka ya jira shekara hamsin, zai iya jiran bazara."

"Sai me kuma?"

"Allon da ke ƙarshen bencin, wanda ke kallon hanya. Ni zan faɗi abin da za a sassaƙa a kai."

Ya yarda da sauri, don bai san ba ni da sauran makami ba.

Na tsara baituka huɗu na Latin don allon, na ɗauka na tafi gidan Sibil in karanta mata, ba don ina neman ra'ayinta ba. Na same ta a bakin murhu, ƙafafu a kan kututture, tana ɓare wake. Na karanta, na fassara. A ciki na kira Amabel kurciya mai tawali'u.

"Wace ce wannan?" ta ce. "Ka yi wani auren ne ba mu sani ba?"

"Haka ake rubuta irin waɗannan abubuwa."

"Shi ya sa ba mai karantawa. Kai da bakinka ka ce kana son abin da zai sa yaro ya tambaya. Yaro ya taɓa tambayarka ma'anar Latin ba da bulala a hannunka ba?"

"To me za a sa? Mala'ika?"

"Ludayi."

"A cikin ɗakin Allah."

"An zana mace tsirara a bakin kifi a saman kanmu, tun ina yarinya nake kallonta. Ludayi ne zai ɓata wa Allah rai?"

Na ce ba zan mayar da matata abin dariya ba. Ta ce Yaya ta fi son a yi dariya da a yi hamma. Muka yi ta yi har waken ya ƙare. Na fito ina cewa ban yarda ba, kuma washegari na je na gaya wa kafinta ya sassaƙa mace da ludayi.

Kafintan baƙo ne, sunansa Wymond, bai taɓa ganin Amabel ba. Da labari ya bazu, sai gari ya ɗauki aikin ya zama nasa. Duk wanda ya wuce rumfar da yake aiki a harabar coci sai ya tsaya ya ba da shawara. Maƙeri ya ce haɓar ta fi haka fitowa. Mai niƙa ya ce ba daga sama take kawo dukan ba, daga gefe ne, ya ma nuna da hannu. Wymond ya ce min ya sassaƙa manzanni goma sha biyu a wani gari ba wanda ya ce masa uffan, amma mace ɗaya ta hana shi barci.

Ranar da aka shimfiɗa dandamalin na je. Ba wanda ya kira ni, ba kuma wanda ya ce in matsa. Aka jera katakon daga bango zuwa hanya. Na farko ya rufe roƙon addu'ar, na biyu ya rufe sunana, abin da bai dame ni ba. Wymond ya ɗauko na uku, ya tsaya yana duba gefensa, yana shafawa, ya daɗe yana neman aibin da babu. Na gane jira yake in gama. Na karanta sunanta sau ɗaya, na ɗaga masa kai. Ya aza, ya buga turakun.

Ba zan ce na koma gida da farin ciki ba. Na karanta isassun littattafai da zan san cewa mutum yakan yi abin da ya dace kuma ya ji kamar an yi masa fashi.

Lahadin ƙarshe kafin Kirsimeti bencin ya tsaya, shi kaɗai a duk cocin, sabo, yana ƙamshin ɗanyen itace. An yi dusar ƙanƙara. Maƙeri ya turo Sibil a amalanke har bakin ƙofa, tana zaginsa a kan kowane rami da ya faɗa. Ta shigo da sanda, ta tsaya a gaban allon ta dube shi. Wata 'yar gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan ya ɗaga ludayi, baki a buɗe. Ba ta yi kama da Amabel ba ko kaɗan, kuma duk wanda ya gani ya san ita ce.

"Yaya, ga ni," in ji Sibil. "Allah ya sassauta miki."

Ta dafa kan matar katakon, don nan ne daidai inda hannu ke nema, ta juya, ta sauke jikinta. Sautin da ya fito daga bakinta har ɓangaren maza an ji shi. Matar maƙeri ta bi, ita ma ta dafa kan, sannan sauran tsofaffin, ɗaya bayan ɗaya, kowace da abin da take faɗa a ƙasan maƙoshi.

Da aka tashi, maza suka tsallaka kallo. Ba a taɓa ganin haka ba, Fada kuma ya yi kamar yana gyara kyandir. Suka yi cincirindo, ana ture-ture.

"Wallahi ita ce. Allah ya jiƙanta, nan ta same ni, bayan kunne."

"Kai sau ɗaya ne. Ni kowace shekara."

"Ludayin ya fi haka tsawo," in ji Lambert. "Ni na san tsawonsa. Allah ya yi mata rahama, ba ta taɓa ba ni abin da ya wuce rabona ba."

Wata jikar mai niƙa, da ba a haifa ba lokacin da Amabel ta rasu, ta ja rigar kakanta tana tambaya wace ce wannan, me ya sa take fushi. Ya tsuguna ya fara ba ta labari, ya ƙara gishiri fiye da kima, ya rufe da cewa ta ce Allah ya jiƙanta. Ta faɗa, tana shafa ludayin da yatsa.

Na tsaya daga baya ina saurare. Na laluba duk abin da na karanta, ban tuna inda aka ce addu'ar da ta fito tare da dariya ba ta karɓuwa ba. A safiyar nan kaɗai an roƙa wa Amabel gafara fiye da abin da Latin ɗina ya samo mata tun da aka aza dutsen. Wannan bai yi wa Latin ɗin daɗi ba, amma ba shi ke cikin wuta ba.

Sibil ta rayu ta ga sanyin ya wuce, tana nan har yanzu, bakinta bai ragu ba. Kan matar katakon ya fara sheƙi saboda hannaye. Mu maza muna tsaye har yau, don itacen da aka ware wa ɓangarenmu ya tsage, kuma ba na ɓoye cewa nakan ji daɗin ganin Lambert yana sauya ƙafa ana wa'azi.

Daga inda nake tsayawa ina hango bencin. Tsofaffin sukan zauna a matse, kafaɗa da kafaɗa, amma Sibil takan bar ɗan fili tsakaninta da allon, ta ce na sandarta ne. Nakan dubi filin nan idan Fada ya ja wa'azi. Na gaya wa Amabel abubuwa da yawa a zamanmu, wasu da hikima, yawanci don in ci gardama. Ɗaya ne ban sami faɗa ba, don a lokacin babu inda zan nuna mata: Amabel, ga wuri, zauna ki huta.